Na Je Dingaya Ganin Gonar da Na Ƙi

Kangire zuwa Birnin Kudu

Ƙarfe biyar da rabi, bayan sallar asuba, na hau acaɓa daga Kangire. A gida na ce zumunci zan je. Gaskiyar magana, rijiyar fadamata ce ta ja baya, albasata tana bushewa, ga inji biyu suna shan mai suna zuƙo laka. Shi kuwa ƙanena Habu, kullum labari ake kawo mini wai ya sake loda motar albasa.

Lokacin rabon gado, shekarun da aka ba mu jiha, ni na zaɓi fadama, na tura masa gonar Dingaya da ba wanda yake so. Shi ya sa labarin yake ci mini rai.

Birnin Kudu zuwa Gwaram

Na sha koko da ƙosai a tasha, bas ta cika ƙarfe bakwai da kwata. Shinge ɗaya muka tarar, aka leƙa mu aka ɗaga hannu. Da direba ya ji inda na nufa sai ya ce, "Wajen Alhaji Habu mai albasa?"

"Habu dai," na ce.

"Ai mutumin kirki ne. Ka san shi?"

"Ni na goya shi."

Muka shiga Gwaram tara saura.

Dingaya

Wata a-kori-kura ta sauke ni ƙarfe goma. Na tarar da shi a gona, ya rugo ya durƙusa. "Yaya, ba sanarwa?"

Na yi ta dube-dube ina neman injinsa, ban ji ƙarar komai ba. Ɗan famfon sola ne guda, ruwansa kamar na buta. Fangalinsa ƙanana, kowanne ya lulluɓe shi da ƙaiƙayi da tattakar gero. Na tura yatsa ƙarƙashi, rana tsaka, na ji damshi.

"Sau nawa kake ban-ruwa?"

"Bayan kwana uku, da sassafe. Rijiyar ba ta da ƙarfi, Yaya, dole na koyi lallaɓa ta."

Ga gawo nan tsaye ko'ina, awaki na cin 'ya'yansa a gindi. Ya ce wajen sassabe ba ya tone kututture, reshe biyu yake bar wa kowanne ya tashi. Ganyen ya zama taki, inuwar ta tsare ƙasa. Ni nawa tuni na sayar wa masu gawayi don tarakta ta samu hanya, har ina yi wa maƙwabta dariya.

Matarsa ta aiko da tuwon dawa miyar kuka. Ya yi daɗi, na ce gishiri ya yi yawa. Hassada ce, na sani, kuma ban iya hana kaina ba.

Na kwana a zaurensa. Da safe ya rako ni bakin hanya, ya yi ta murza hularsa, can ya ce, "Na ji batun rijiyarka. Gefen gabas ɗin nan ban taɓa shi ba. In ruwanka ya ƙafe, zo ka noma. Ai gonar Baba ce."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na ce, "Zan duba."

Komawa

Motar ƙarfe takwas na samu, azahar ta yi mini a Kangire. Ban shiga gida ba, fadama na wuce. Rabin albasar ta kwanta, ba ta tashi kuma. Na kashe inji ɗaya, na nemi amalanke ya kwaso mini ƙaiƙayi daga masussuka, na lulluɓe abin da ya rage, mutane na kallona.

Na gode wa Allah da ya kai ni lafiya ya dawo da ni. Habu kuwa, tun ranar nake neman bakin da zan yi masa godiya, ban samu ba tukuna.