Rigar da Kamfani Ya Tuɓe wa Kakana

Duk lokacin da na buɗe tsohuwar adakar da ke ƙarƙashin gadona, warin kafur ne yake fara tarbata, kuma wallahi sai in ji raina ya ɓaci sabo fil, kamar jiya aka yi abin. A cikinta akwai wata babbar riga ta saƙi, mai nauyi, shuninta bai koɗe ba. Bari in ba ka labarinta, don ka san abin da ya sa har yau, da furfurata, akwai kamfanin da ban yafe wa ba.

A unguwar Wambai na tashi, a hannun kakannina, tun garin namu bai ba sabon birnin tarayya sunansa ya koma Suleja ba. Kakana dillalin riɗi ne. Idan damina ta janye, manoman Maje da na Iku sukan shigo da sassafe, matansu da ƙwarya a kafaɗa, su zube kayan a zaurenmu. Gidan ya ɗauki ƙamshi, kakata tana soya mana kantu, mu yara muna lasar ludayi. Daga nan kakana ya kai buhunan kantin wani kamfanin Turawa, wanda aka ce yana da reshe a ƙasashen da ba mu ma san sunansu ba. Kamfanin ya sayi riɗinmu da kaɗanyarmu, ya sayar mana da sabulu da atamfa da fitila. Manoman ba su san kamfani ba, kakana suka sani, kuma maganarsa ce takardarsu.

Wata shekara kamfanin ya kira taro, wai zai gana da abokan hulɗarsa. Aka kafa rumfa a gaban kanti, aka raba lemon kwalba, wani babban Bature ya zo daga can hedikwatarsu. A gaban jama'a ya kira kakana, ya ɗauko wata riga mai aiki, ya zura masa a wuya da hannunsa. Akawun kantin, wanda yake yin tafinta, ya ɗaga murya ya ce kamfani ya karrama babban amininsa. Aka tafa, aka ɗauki hoto.

To, ka san al'adarmu. Rigar da babba ya sa maka a bainar jama'a taka ce, kuma ba a karɓar alheri a riƙe hannu. Maroƙin unguwarmu yana ta zuba kirari, sai kakana ya zare tsohuwar rigarsa ta ƙasa ya miƙa masa tukwici. Maroƙi ya naɗe ya yi gaba.

Taro yana watsewa masinjan kamfanin ya ja kakana bayan sito.

“Baba, a tuɓe rigar. Gobe akwai irin wannan taro a wani gari, da ita za a yi.”

Haka dattijon nan, wanda ko ƙofar gida ba ya fita ba riga, ya ratsa tsakiyar kasuwa daga shi sai 'yar shara da wando. Ina tsakar gida ya shigo. Bai kalli kowa ba, bai ma tsokane ni da amaryarsa ba kamar yadda ya saba, ya wuce ɗaki ya saki labule.

Da abin ya tsaya nan, da da sauƙi. Sabuwar shekara tana kamawa sai ga kalandar kamfani, da hoton kakana yana murmushi cikin rigar. Shagon tela, rumfar wanzami, wurin mai shayi, ko'ina an rataye shi. 'Yan kasuwa suka laƙaba masa Mai Rigar Aro, har yara suna kirana jikar Mai Rigar Aro, ina dambe da su a bakin rafi. Kakana ya daina zama a dakali, ya daina shiga kasuwa, sai dai ya aiki ƙanen babana da buhuna. Ranar Juma'a ma ta lungu yake bi. Mutum ne da ba shi da gona mai yawa, ba shi da sarauta, mutuncinsa kawai yake da shi, kuma shi aka tuɓe masa a bayan sito.

Shi dai cewa yake a bar wa Allah. Kakata kuwa, ƙaramar mace mai kaifin ido, ta sayo auduga. Ta ɗauko mazarinta ta fara kaɗi. Rani ya wuce tana kaɗi, damina ta sauka tana kaɗi. Ni nake kai zare wurin marina, in kai wa masaƙi, in karɓo in kai wa mai ɗinki. Da na tambaye ta ko rigar ta kakana ce, sai ta ce, “Ta baƙo ce. Zai dawo.”

Ya kuwa dawo. Manoma sun ji haushin abin da aka yi wa dillalinsu, da yawa sun fara kai riɗinsu wurin wasu masu saye. Sai ga akawu a zaurenmu yana ta durƙuso, wai Baturen yana so ya zo da kansa ya saurari koken jama'a, kuma a ƙofar gidan amininsa yake so a taru. Kakana bai iya korar baƙo. Ya amsa.

Ranar an share ƙofar gida, an shimfiɗa tabarmi, mutanen Maje da Iku sun cika layin, 'yan kasuwa sun zo kallo. Bature ya yi jawabi mai tsawo, wai kamfani da manomi uwa ɗaya uba ɗaya ne. Yana gamawa kakata ta aiko da rigar nan da ta sa aka saƙa a kan faifai, sabon bugu, tana sheƙi. Kakana ya ɗauka kara ce ta yi wa Baturen, don a nuna mu ba irinsu ba ne. Ya zura wa baƙon da hannunsa. Saboda zafi Bature ya cire kwat da shat ɗinsa, kuma da maroƙin nan ya taso da kirari, akawu ya raɗa masa al'ada, sai ya miƙa su ga maroƙin yana dariya. Mai hoton da kakata ta kira ya ɗauka.

Sun nufi mota, direba ya buɗe ƙofa, kakata ta damƙo hannuna daga bayan zana. Ta ɗora mini faifan, ta faɗa mini abin da zan ce, ta ce idan na yi ƙasa da murya sai ta cire mini kunne. Ba sai ta tsorata ni ba. Na tuna damben bakin rafi, na ratsa taron, na durƙusa da ladabi, na ɗaga murya:

“Ranka ya daɗe, an ce a tuɓe rigar. Gobe muna da wani baƙo, da ita za a yi.”

Akawu ya ƙi fassarawa, sai wani ɗan makaranta ya fassara daga cikin taro. Bature ya dubi kakana, ya dubi jama'a, na ga lokacin da ya tuna. Fuskarsa ta yi jajir. Ya tuɓe, ya ɗora a faifaina, ya tsaya daga shi sai singileti, ga maroƙi tuni ya yi layar zana da kwat. Wata tsohuwa daga Maje ta rangaɗa guɗa, layin ya kece da dariya. Ni kam ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba, kuma ba zan yi maka ƙaryar na ji tausayinsa ba.

Kakana ya shigo yana huci. “Kin kunyata baƙo a ƙofata!” Kakata tana tankaɗe, ko kai ba ta ɗaga ba. “Malam, abin da ya koya mana na mayar masa.”

Kamfani bai sake sayen ko mudu ɗaya a hannunmu ba, mun kuma ji a tukunya, don shekarar nan miya ta yi ruwa. Amma ranar Juma'a kakana ya fito ya ce a miƙo masa rigar. Ya saka, ya kira ni amaryarsa, ya bi ta tsakiyar kasuwa yana tafiya a hankali, rumfa rumfa ana miƙewa ana gaishe shi.

Yanzu gonakin riɗin Maje sun zama gidajen haya, kantin ya zama wurin sayar da waya. Kamfanoni kuwa ba su daina taro ba. Kwanan baya wasu samari suka zo unguwarmu da rumfa da lasifika, wai suna son jin ra'ayin al'umma. Wata yarinya mai fara'a ta miƙo mini riga mai tambarinsu, ta ce Mama a saka a yi hoto. Na juya rigar, na dube ta sama da ƙasa, na ce, “'Yata, fara faɗa mini: a gaban jama'a za ku karɓe, ko a bayan sito?”