Odessa Truitt da Masu Wutsiyar Takobi

Daga farkon Mayu zuwa ƙarshen Yuni, kafin gidan burodin garinmu Marsh Landing ya buɗe ƙofa, Malama Odessa Truitt ta riga ta sauka bakin ruwa. Takalmin roba har gwiwa, kofi a gora, tsohuwar hular marigayi mijinta a ka. Ruwan mashigin tekun Delaware ya janye, ya bar ƙaguwar kofato birjik a kan yashi, dabbobin nan masu ƙoƙon baya kamar kofaton doki da doguwar wutsiya. Sun fito yin ƙwai, igiyar ruwa ta birkice da yawansu rigingine, ƙafafu a sama. Wadda aka bari haka, kafin tsakar rana zafi ya gama da ita, in ma tsuntsaye ba su riga shi ba. Aikin Malama shi ne ta duƙa, ta kama gefen ƙoƙon, ta juya, ta yi gaba. Mil ɗaya da rabi kullum, shekara talatin da ɗaya, ba albashi, ba lambar yabo.

Bana gwiwoyinta sun ce ba su san zancen ba. Likita ya hana ta taka yashi. Ta manna takarda a ƙofar laburaren gari tana neman wanda zai karɓi yankinta, takardar ta yi mako uku ba wanda ya sa hannu. Mu dai mutanen kirki ne, mun iya tafi da yabo, amma da an ce duƙawa da sassafe sai kowa ya tuna yana da ciwon baya.

Duk wanda ya zauna ajinta a sakandare ya san ba a cewa ƙaguwa a gabanta. Limulus ake cewa, sunan da masana suka ba irin na gaɓarmu. Takan ce dabbar ba ƙaguwa ba ce ko kaɗan, gizo-gizo da kunama sun fi kusa da ita a dangantaka. In ana nufin dangin duka, har da na tekun Asiya, sai a ce Xiphosura, wato wutsiyar takobi a Girkanci. Wannan sunan na biyu tana koyar da shi ne da ɗan tsaki. A cewarta masanan sun kalli siffa, ba su kalli aiki ba. Wutsiyar ba ta sara, ba ta harbi. Da ita dabbar ke dogarawa ta juya kanta in ta birkice. Baƙi masu zuwa hutu sukan ɗaga ta ta wutsiya don su ɗauki hoto, gaɓar wutsiyar ta goce, shi ke nan ba ta ƙara iya tashi. An sha ganin Malama ta ratsa yashi da sauri ta karɓe wata daga hannun ƙaton da bai san ta ba, ta nuna masa yadda ake riƙo da hannu biyu, ya yi tsuru-tsuru yana ba da haƙuri.

Wendell Hazzard masunci ne, tsohon ɗalibinta, yanzu har ya yi furfura da tumbi. Shekaru yana loda dabbobin nan a bayan motarsa yana datsawa don sa wa kifi abinci a tarko. Kusan kowace safiya sukan haɗu da Malama a bakin hanya.

"Malama, ina kwana? 'Yan uwan naki sun tashi lafiya?"

"Lafiya lau, Wendell. Sun ce in tambaye ka ina ka kai iyayensu."

"Haba Malama, ƙaguwa ce fa!"

"A kan wannan tambayar ka faɗi jarrabawata, kuma har yau ba ka ci ba. Abin da ka kira ƙaguwa, ai tukunya ko tarko za ka kai shi."

Ke ce, Malama, kika koya mana cewa da yadda mutum ke kiran abu, da yadda yake riƙe shi, tare suke tafiya. Uwar marasa baki. Ba ki taɓa yi wa kowa wa'azi a taron gari ba, duƙawa kawai kike yi muna gani.

Kwana huɗu da daina zuwanta, warin ya kai har inda ake ɗaure jiragen ruwa. Gawarwaki jere a layin da ta saba bi. A lokacin muka san abin da tsohuwar nan ke yi mana, kuma gaskiya kunya ta kama mu.

Asabar ɗin ƙarshe ta Mayu ta tuƙa motarta zuwa ƙarshen kwalta, ta sauke gilashi, tunda iyakarta ke nan yanzu. Can ta hango wani ƙato a duƙe yana nishi. Ya miƙa hannu wajen wutsiya, ta danna hon.

"Ba ta nan ba, Wendell!"

"Na sani, Malama! Gwada idonki nake yi."

Ya kama gefen ƙoƙon da hannu biyu, ya juya. Dabbar ta ja jiki ta nufi ruwa. Ya zo jikin motar yana share zufa.

"Limulus ɗin nan naki nauyi gare su."

"Me ka ce?"

"Kin ji ni sarai. Kuma ban sa hannu a takardar nan ba fa, kada a ji a gari."

Ta miƙa masa gorar kofin, ta juya fuska wajen ruwa, ta daɗe a haka.

Wendell, ka yi haƙuri, ga shi an ji. Malama Odessa, mun gode, Allah ya ba gwiwoyin nan hutu. Sauran mu kuma, rabin mil kawai tumbin Wendell ke iya kaiwa. Mil ɗaya na nan ba mai shi, takardar tana ƙofar laburare, biro na rataye a jikinta, gobe kuma ruwa zai janye da ƙarfe shida.