Robar Haƙorin da ta Zaga Dangora

Yayana Uba mai ɗinkin hula ne a Dangora, kuma tun da na yi wayo ban taɓa jin ya hana wani aron komai ba. Tsaninsa ya fi kwana a gidajen maƙwabta. Babbar rigarsa shuɗiya ta ɗaura auren samari sun fi goma, ta dawo da warin hammatar kowannensu, shi kuwa sai ya shanya ta a igiya ya ce albarka ce. Haka mahaifinmu ya rene shi, wai abin da maƙwabci ya san kana da shi ba naka ba ne kai kaɗai. Ni dai wannan tarbiyya ba ta kama ni ba. Ko moɗa ba na so in haɗa da wanda ya ci goro.

Yana da shekara hamsin da 'yan kai ciwon kai ya sa shi a gaba. Kullum sai ya tashi kai kamar an ɗaure da igiya, muƙamuƙi a sage, ko ƙosai ba ya iya taunawa sai hantsi. Kafar allura ta koma biyu a idonsa. Hular da yake gamawa a mako biyu sai ta ci wata, masu kawo aiki suka fara kaiwa wani wurin. Matarsa Zulaihat ta daɗe tana cewa yana niƙa haƙora cikin barci, kamar ɓera ya samu ƙwarya, amma ba wanda ya haɗa wannan da wancan. An yi hayaƙi, an sha rubutu, an yi ƙaho a ƙeya. Sai da wani ma'aikacin asibiti a Kiru ya leƙa bakinsa, ya ga haƙoran sun siɗe, ya tura shi Kano wurin likitan haƙori.

Ni na raka shi. Likita ya cusa masa wani abu kamar ƙullu a baki, ya ɗauki siffar haƙoransa. Bayan mako guda aka ba shi wata 'yar roba fara tas, a lanƙwashe kamar ɓarin awarwaro, ya riƙa sawa in zai kwanta don haƙoran sama su daina cin na ƙasa. A gabana likitan ya ce, "Malam, wannan da bakinka aka auna ta. Ba ta shiga bakin kowa sai naka."

Yaya ya ce to. Shi ai kowa ma to yake ce masa.

Kwana goma kai ya sake shi, allura ta dawo hannu. Da ya ja bakinsa ya yi shiru da an zauna lafiya. Ina, sai da ya bayar da labari a ƙofar masallaci, har da kwatance.

Surukinsa Malam Badruddeen, mahaifin Zulaihat, malamin makarantar allo ne, dattijon da goro ba ya barin bakinsa. Shi ma yana fama da ciwon kai, ko da yake nasa kowa ya san na hawan jini ne da ƙin shan magani. Da ƙafarsa ya zo. Ina tsakar gidan Yaya ina jin su a zaure, Yaya ya durƙusa yana kwasar gaisuwa.

"Uba, na ji Allah ya kawo maka sauƙi," in ji Malam.

"Alhamdulillahi, Baba."

"To a ara mini abin nan kwana biyu, ko za a dace."

Na yi gyaran murya har maƙogwarona ya yi zafi. Yaya ya wuce ni kansa a ƙasa, ya shiga ɗaki ya ɗauko.

Kwana biyu suka zama mako uku. Daga baya na bi sawun robar, kuma da ban bi ba da ya fi mini. Ba ta zauna a bakin Malam ba, don rabin haƙoransa sun riga shi tafiya, sai ya tsoma ta a ruwan zafi ta yi laushi, ya danna da dasashi. Daga nan Hamma, wani Bafulatani da ke da ruga wajen Yalwa, ya zo gaisuwa yana dafe da goshi, Malam ya ara masa. Shi da rana yake sawa, yana bin shanu, ga garin taba a leɓe. Matan gidan Malam kuwa kunya ta hana su sa abin da ya kwana a bakin namiji. Sai suka jiƙa ta a ƙwarya, suka raba ruwan suka shanye kamar rubutu. Har ɗaya ta rantse kanta ya yi sauƙi. Ranar da na ji wannan, tuwo bai shiga cikina ba.

Duk wannan lokaci Yaya yana gida riƙe da kai, hular mutane a kan cinya, ba ya iya zura zare. Na ce ya je ya karɓo abinsa, ya ce yaya za a yi mutum ya bi surukinsa kan aro. Wata safiya yana kuskure baki ya tofar da ɓarin haƙori a tafin hannunsa. Ya tsaya yana kallo, ni kuma na yafa mayafi na nufi gidan Malam.

A leda aka miƙo mini ita. Na kwance a gaban Yaya don ya gani da idonsa. Ta yi jawur, da dusar goro maƙare a ramukan haƙoran, ga warin taba da tsamin nono, gefe ɗaya wani ya datse da reza. Da tsinke na juya ta.

Yaya ya dube ta, ya dube ni, ya ce, "Tani, in aka dirje ta da toka fa?"

Wallahi ya dirje. Ya kai bakinsa ina tsaye, na kau da kai. Allah ya taimake mu ta ƙi shiga, don ta riga ta ɗauki siffar bakin wasu.

Muka koma Kano. Aka cire haƙorin da ya tsage, aka sake awo. Likita ya tambayi ina ta farko, Yaya ya hau kallon silin, ni na ba shi labari tun daga ruwan zafi har ƙwarya. Bawan Allah ya ajiye biro, ya je ya wanke hannu.

A mota muna dawowa da sabuwar, mun wuce Kwanar Dangora, Yaya ya zaro ɗan akwatinta daga aljihu ya ɗora mini a cinya.

"Ki riƙe a wurinki," ya ce. "In na yi magariba in biyo in karɓa, da safe in wanke in dawo miki da ita. Duk wanda ya tambaya, ba ta hannuna. Kin ga ban yi ƙarya ba."

Gidana na kallon nasa, don haka ban ƙi ba. Ba a rufa mako ba Malam Badruddeen ya yi sallama a ƙofata. Na durƙusa har ƙasa na gaishe shi, na ce, "Allah gafarta Malam, ba zan bayar ba." Ya daɗe yana kallona, ya juya ya tafi.

Yanzu Yaya na ɗinka hularsa lafiya lau, masu aiki sun dawo. Ni ce marowaciyar layi. An yi suna biyu a gidan Malam ba a gaya mini ba, Zulaihat ma da ƙyar take amsa gaisuwata. Jiya ina shara na ji shi a ƙofar gida yana ba wani haƙuri.

"Da a hannuna take ai da na ba ka," in ji shi. "Ka dai san halin Tani."

Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Da magariba ya zo, ya tsaya a zaure yana murmushi da giɓinsa. Na miƙa masa.