Fitsarin da Na Kai Birni

Shekara goma sha ɗaya na yi ina horar da 'yan ƙwallo a Bagudo, kuma dokokina uku ne. Ta farko, ba taba. Ta biyu, ba wiwi. Ta uku, duk wanda aka gani ya tsallaka Benin wurin masu giya, tunda shari'a ta rufe na garinmu, ya ajiye mini rigar wasa.

Wanda ya fi kowa a hannuna ɗan yayana ne, mai tsaron baya. Ubansa masunci ne a bakin kogin Kwara, shi ke jan salla idan liman ya yi tafiya. Wani kulob na birni ya ɗauki yaron da albashi. Sharaɗi ɗaya ya rage: likitansu zai gwada fitsarin kowa kafin a sa hannu.

Saura kwana biyu ya same ni a fili.

"Baffa, jiƙon da Inna ke ba ni fa? Saiwoyi ne, ko sunansu ban sani ba."

Na zauna na jera tunanina. Na ɗaya, na'ura ba za ta bambance saiwa da ƙwaya ba. Na biyu, ke nan ana bukatar fitsarin da ba shakka a kansa. Na uku, duk ƙasar Bagudo babu mai tsabta kamar ubansa.

Da na roƙi yayana, dariya ya yi.

"Kai da bokonka. Ni ban taɓa zuwa birni ba, ga fitsarina za shi."

Na zuba a 'yar kwalba, na naɗe da tsumma, yaron ya sa a cikin wando. Shi kuwa likitan, roba kawai ya miƙa masa ya nuna masa bayi. Bayan kwana huɗu sakamako ya fito. An ga tiramol, an sallame shi.

Na iske yayana cikin jirgi yana ɗinkin raga.

"Yaya, mi kake sha?"

"Fura."

"Magani fa?"

Ya laluba aljihu ya fito da katin ƙwayoyi, irin wanda ake shimfiɗawa a kasuwar Lolo kusa da sabulu.

"Maganin gajiya ne. Biyu cikin shayi kafin in ɗauki filafili. Kowane mai jirgi na sha. Wannan ba kayan maye ba ne, Allah shi tsare."

Da gaske yake. Ni ma da na san yana sha, ban tabbata zan ƙirga shi cikin ƙwaya ba.

Hanya ɗaya ta rage. In rubuta wa kulob ɗin gaskiya, ko za su sake gwada yaron. Amma takardar za ta ce na'ibin liman na shan ƙwaya, za ta kuma ce mai horarwa ya yi maguɗi, kuma aikina na ƙaramar hukuma ne.

"Baffa, ka rubuta musu," in ji yaron a waya daga birni. "Ko yau aka gwada ni, ba abin da za a gani."

Na ce zan rubuta. Na kuwa rubuta, shafi biyu, kowane batu da lambarsa. Ban aika ba. Sati ya wuce, wata ya wuce, suka ɗauki wani.

Labari ya riga yaron isowa gida. Dattawan unguwa suka kira shi ƙofar masallaci suka yi masa nasiha a kan ƙwaya. Ubansa na zaune a cikinsu, ni ina tsaye a gefe. Ya dube mu sau ɗaya, ya sunkuyar da kai, ya ce ya tuba.

Yanzu jarkokin fetur yake ɗauka a babur yana tsallaka iyaka. Har yau akwai masu kiransa ɗan ƙwaya. Idan mun haɗu yakan kashe babur, ya sauka, ya gaishe ni yadda ya kamata, ya hau ya wuce. Bai sake taka filina ba. Ni kuwa na ƙara shekara shida a kan aikin.