Hannun da Ke Wanke Jinin Mata

Ƙazanta? Ke ce yau kike kiran aikin Mai Madubi ƙazanta, har ta miƙo miki kofin ruwa a taron sallamarta ki kau da kai? To gyara zama, surukuwa, ni na yi sharar ɗakin gwajin asibitin nan har bayana ya ranƙwafa.

Da sassafe take shigowa, ta sa safar hannu, ta jera 'yan kwalaben abin da aka lakato daga bakin mahaifar mata don neman sankara. Wata kwalbar za ki gan ta jajir, jini ya rufe komai, madubin likita ba ya ganin abin da ke ciki. Hanya mai sauƙi a ce wa matar ta dawo a sake. Wa ke dawowa? Macen da sai da ta yi lallashi kafin miji ya bar ta, ta haɗiye kunya ta kwanta aka buɗe ta? Ta tafi ke nan, ciwo na cinta a ɓoye.

Ita kuwa sai ta ɗiga wani ruwa mai tsami, warinsa har tsakiyar ka, ta sa injin ya wulwula, ta tsiyaye jinin, ta shafa ragowar a gilashi ta duba. Ina ce mata, "'Yar nan, warin nan zai kore miki miji." Ta ce, "Inna, ai ya saba, har cigiyarsa yake."

Ke ce, Mai Madubi, uwar waɗanda ba su san fuskarki ba. Kin ƙarar da idonki a kan matan mutane, ko sannu ba a ce miki. Allah ya saka, ya sa masu tasowa su ɗauki halinki.

Ke kuma surukuwa, kin tuna sa'ad da 'yata ke zubar jini, kina cewa raki ne, ana neman gudun aikin gida? Kwalbarta tana cikin jajayen nan. Hannun da kika ƙyamata ne ya wanke ta, aka ga ciwon tun yana ƙarami, aka cire.

Abincin da kike ta loda wa cikinki tun ɗazu kuwa, 'yar tawa ce ta dafa. In hannun nan ƙazami ne, ajiye cokalin.