Murfin Kwalbar Malam Iliya

Akwai ranar da ba ta taɓa fita daga raina ba a aikin nan, kuma ku sababbin malamai ya kamata ku ji ta. Lokacin ina riƙe da ɗakin kwamfuta a wata ƙaramar sakandare da ke hanyar Roni. An kawo mana kwamfutoci masu aiki da hasken rana, da darussan lissafi a ciki. Yaro zai sa abin ji a kunne, na'ura ta yi masa bayani, ta jefa masa tambaya. In bai gane ba, akwai wani jan madanni da zai taɓa ta sake daga farko.

Malamin lissafinmu shi ne Malam Iliya, mutumin Gwiwa, wanda ya koyar da iyayen rabin yaran makarantar. In ya gama bayani ya ce, "Kun gane?" ajin zai amsa "Mun gane!" har sai kwanon rufi ya yi ƙara. Amma sakamakon jarrabawa kullum sai dai a yi shiru. Da kwamfutoci suka zo, shugaban makaranta ya yanke cewa daga zango mai zuwa za a karɓe aji uku daga hannunsa a bar wa na'ura, shi kuma a mayar da shi kula da sito. Malam Iliya ya ce, "Ranka ya daɗe, a bar ni in ga wadda za ta gaje ni tukuna."

Washegari ya shigo ɗakina, ya ja kujera can baya. Ni dai na zaci faɗa ya zo yi, don shi ko waya mai shafawa ba ya yarda da ita. Sai na ga ya zuba wa wata yarinya ido, Saudatu, wadda ta fi kowa ɗaga murya wajen "Mun gane". Darasin rabawa take yi, wanda ya koya musu a makon. Ta danna jan madannin, ta sake dannawa, ta kuma sakewa, har ta ci tambayar.

Ya matsa kusa da ita. "'Yata, ba kin ce mini kin gane ba?"

Ta sunkuyar da kai. "Malam, ai kai sa'an kakana ne. In na ce ban gane ba, kamar na ce ba ka iya ba ne. Ita kuwa wannan ba na jin nauyinta."

Wallahi sai da na ji tausayinsa. Na ɗauka zai yi fushi, amma hularsa kawai ya gyara ya fita.

Ranar Litinin sai ga shi da leda cike da jajayen murafan kwalbar lemo, ya bi masu shaguna ya tattaro. Ya raba wa kowane yaro ɗaya. Ya ce, "Ga madannina. Wanda bai gane ba, kada ya ce komai, ya ɗora shi a kan tebur, zan sake. Ba rashin kunya ba ne, ni na sa ku." Daga ranar bai ƙara tambayar "Kun gane?" ba.

Da farko tebur biyu ne suka yi ja, daga baya har yakan ga rabin aji. Bai taɓa tsaki ba. Ya ma fi na'urar, don ita maganar da ta faɗa take maimaitawa, shi kuwa in ya ga murfi sai ya sauya hanya, ya kawo rabon gyaɗa a masussuka ko awon gero a kasuwar Babura. Da shugaba ya zauna a ajin sau ɗaya, maganar sito ba ta sake tasowa ba. Aka raba aikin, na'ura ta yi bita, Malam ya yi koyarwa.

Abin da na koya shi ne, yaranmu ladabi ke rufe musu baki, kuma malamin kirki ba ya jin kunyar koyo ko daga wurin wadda aka kawo ta ture shi.

Ranar da ya yi ritaya ina tsaye a bakin ƙofa. Ya gama sallama da ajin, ya ce, "To, shi ke nan, na gama." Yaran suka ciro murafansu. Sai muka ji ƙas, ƙas, ƙas, kowane tebur ya yi ja. Malam Iliya ya juya wajen allo ya daɗe yana gogewa, alhali babu rubutu a kai.