Bargon da Sai Mutum Biyu

"Ki ƙyale jikanki ya huta, Inna. Wata biyu ne fa da rufe masaƙar da yake aiki."

"Uku," in ji tsohuwar, ba ta ɗago daga bahon wanki ba.

'Yarta ta yi ajiyar zuciya. "Yaran yanzu ke nan, abu kaɗan sun kwanta. Ba irinku ba da kuka ga yaƙi."

Inna Mai Wanki ta shekara sittin hannunta cikin kumfa. Tana amarya yaƙi ya zo, ta shiga wankin zannuwan asibiti, waɗanda sai an jiƙa su a ruwan sanyi tukuna, don ruwan zafi kama jini yake yi. Har yau in ta ga jan tabo a rigar mutum, ko na tumatir ne, sai hannunta ya tsaya. Duk layin da ita ake kafa misali, ita kuwa ba ta son a yi.

Mijinta ya dawo daga yaƙin ba ko ƙwarzane. Ya shiga ɗaki ya zauna bakin gado yana kallon bango. Dangi suka ce a bar shi ya huta, ta kuwa bar shi. Tana ajiye masa abinci a ƙofa, tana hana yara hayaniya, ko guga ba ta taɓa cewa ya miƙo mata ba. Shekara huɗu. Bayan an fitar da gawarsa ta ga katifar ta lotsa daidai inda yake zama. Ta juya ta, ta shanya ta, gurbin bai tashi ba.

Jiya ta leƙa ɗakin jikanta, magidanci mai shekara talatin. Yana bakin gado, wayarsa a kife, kafaɗun nan sak na kakansa.

"Ba mu fi su komai ba," ta ce wa 'yarta. "Waɗanda suka jure kawai kike gani, sauran ba sa nan balle su ba ki labari. Babanki ni na lallaɓa shi har kabari."



Tsohuwar ta jawo wani ƙaton bargo daga ruwan ɗauraya, ya faɗo cikin baho tim.

"Na mai shagon ƙasa ne, da yamma zai karɓa. Ba na iya matse shi ni kaɗai."

"Kawo in kama miki."

"Ke ba ki da ƙarfi."

"Ni? Wa ya kama miki na jiya?"

"Yau dai ba ki da shi."

'Yar ta dubi ƙofar ɗan nata, inda farantin abincin rana yake a rufe. "In ya ƙi fitowa fa?"

"Sai in zauna masa a ƙofa, ruwan ya yi ta kwarara ciki. Ragon mijin nan nawa na wasa, ko tsane ɗaki ne sai ya tashi ya yi."

Ta dafa gwiwa ta miƙe, ta kama kunnen bahon da hannu biyu, ta nufi ɗakin tana jansa a ƙasa.